Don Allah a taimaka min: yaushe ake raba cm³ da 1000, yaushe kuma ba a rabawa?

ɗalibar_SS3

Assalamu alaikum, barkanku da warhaka yayye da malamai. Don Allah ina neman wanda zai warware min wani abu da ya tsaya min a rai tun makon jiya. Ina SS3 ne kuma WAEC sai ƙaratowa take, kemistiri ina son shi wallahi, haddar ma ba ta ba ni wahala amma da zarar an zo lissafi sai in yi ta zubar da maki a inda ban zata ba.

Ga abin da ya faru. A gwajin da aka yi mana an ce an narkar da 5.3 g na Na₂CO₃ a ruwa aka cike shi ya kai 500 cm³, wai a nemo konsantireshan a mol/dm³. Na nemo mol ɗin daidai, 5.3 a raba da 106 ya ba ni 0.05, sai na raba da 500 na samu 0.0001 na rubuta abina. Malamarmu ta zagaye shi da jan biro ta rubuta 0.10 a gefe, ta ce ban mayar da cm³ zuwa dm³ ba. To wannan na yarda. Amma abin da ya ɗaure min kai shi ne a tambayar da ke binta, ta taitireshan, wato auna yawan asid ɗin da zai cinye bes, na zuba 25.0 cm³ da 24.60 cm³ kai tsaye cikin CaVa/CbVb = na/nb (C konsantireshan, V bolum, n adadin mol, a na asid, b na bes) ban raba komai da 1000 ba, kuma amsar ta fito daidai har aka ba ni cikakken maki. To ya aka yi a can laifi ne a nan kuma ba laifi ba? Yanzu duk inda na ga cm³ sai gabana ya faɗi, in raba ko kar in raba, sai dai in yi canki-canka.

Sannan akwai maganar 273 da ake ƙarawa a lissafin gas, shi ma haddace shi kawai na yi ban san dalilinsa ba. Shi kansa mol ɗin ma in aka ce in faɗi mene ne shi da bakina ba zan iya ba, na dai san ana raba giram da mola mas. Ajinmu mun fi mu tamanin, kunya nake ji in yi ta ɗaga hannu a kan abu ɗaya. Don Allah wanda ya sani ya yi min bayani da Hausa yadda zan gane. Na gode.

ɗan_lesin

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki wahalar da kanki, riƙe wannan kawai: n = CV/1000. Duk inda kika ga cm³ ki sa 1000 a ƙasa shikenan, banda a fomular taitireshan. Da haka muka ci tamu kuma da haka nake koya wa yaran da nake wa lesin, lokacin jarrabawa ba ya jira.

malamin_kemistiri

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka da wannan tambaya, domin ita ce tambayar da ya kamata kowane ɗalibi ya yi tun a SS1 amma ba a yi. Abin da ɗan'uwa ya faɗa a sama ba ƙarya ba ne, zai fitar da ke a wasu tambayoyin, sai dai ranar da aka ba ki bolum ɗin a dm³ tun farko kika sake rabawa da 1000 to kin faɗi, kuma na sha ganin haka a takardun yara. Bari mu bi abin daga tushe.

Da farko ki cire a ranki cewa dm³ wani baƙon abu ne. Lita ce. dm³ ɗaya lita ɗaya ce cif, cm³ ɗaya kuma shi ne ml ɗaya, wanda kike gani a jikin sirinji. Ledar fiya wata da kike sha an rubuta 50cl a jikinta, wato 500 cm³, wato rabin lita, wato 0.5 dm³. Kin ga ashe tambayar da aka yi muku cewa take an narkar da 5.3 g a cikin ruwa kwatankwacin ledar fiya wata ɗaya. Ita kuma mol/dm³ tambaya ce: in da ruwan lita guda ne cur, mol nawa za a samu a ciki? Rabin lita na ɗauke da 0.05, to lita ɗaya za ta ɗauki ninki biyu, 0.10. Ko biro ba ki ɗauka ba kin samu amsa. Ke da kika raba da 500 abin da kika nemo shi ne mol nawa ke cikin cm³ ɗaya tak, kuma 0.0001 ɗin nan daidai ne a matsayin mol/cm³, lissafinki bai yi kuskure ba, amsar wata tambaya ce daban da ba a yi miki ba.

Daga ina 1000 ɗin ya fito? Desimita ɗaya santimita goma ce, ki duba rularki. Ki ɗauka kina da akwati mai tsawo 10 cm, faɗi 10 cm, zurfi 10 cm. Ki jera ƙananan dunƙule masu girman santimita ɗaya-ɗaya a ciki, kamar ƙananan maggi: layi ɗaya goma, shimfiɗa ɗaya goma sau goma ɗari, shimfiɗa goma kuma dubu. Shi ya sa 1 dm = 10 cm amma 1 dm³ = 1000 cm³. Yara da yawa suna raba da 10 ko da 100 saboda sun manta ɗan ukun nan da ke sama yana nufin a ninka sau uku. Haka m³ ɗaya dm³ dubu ne, cm³ kuwa miliyan ɗaya, irin tankin ruwan nan na lita dubu da ake ɗorawa a kan gini shi ne m³ ɗaya.

To yanzu asalin tambayarki. A CaVa/CbVb akwai bolum a sama akwai bolum a ƙasa. In kin raba na sama da 1000 kin raba na ƙasa da 1000, dubun biyu za su cinye juna, kamar ba ki yi komai ba. cm³ na sama ya kashe cm³ na ƙasa. Shi ya sa babu buƙatar juyawa, sharaɗin kawai su biyun su zama ma'auni ɗaya, kar ɗaya ya zo a cm³ ɗaya a dm³. A tambayar farko kuwa bolum ɗaya ne tilo, ba shi da abokin da zai kashe shi, kuma amsar da ake nema tana ɗauke da dm³ a jikinta, dole ki ba ta dm³.

Abin da nake tilasta wa ɗalibaina, har wasu suna jin haushina a kai, shi ne kar a taɓa rubuta lamba tsirara. Kowace lamba ta zo da ma'auninta a kowane layi na aiki. Ki rubuta 5.3 g ÷ 106 g/mol, sai ki ga g ya kashe g ya bar mol. Ki rubuta 0.05 mol ÷ 500 cm³, idonki da kansa zai nuna miki mol/cm³ ne ya fito, ki waiwaya ki ga mol/dm³ aka tambaya, sai ki san akwai sauran aiki. Ai ko a kasuwa kika ce a ba ki shinkafa "uku" sai mai awo ya tambaye ki, uku me? mudu ko tiya ko buhu?

Maganar mol kuma. Mol ƙidaya ce, kamar yadda dozin yake sha biyu. Sai dai atom da molekul ƙanana ne ƙwarai har ba mai iya ƙirga su ɗaya-ɗaya, shi ya sa dozin ɗin masu kemistiri ya zama babba: 6.02 × 10²³, lambar Abogadro. Dalilin da ya sa muke buƙatarsa shi ne sinadarai ba da nauyi suke haɗuwa ba, da ƙidaya suke haɗuwa. Na₂CO₃ ɗaya yana cin HCl biyu, wannan shi ne nb = 1 da na = 2 ɗin da kike sawa a fomula. Mu kuma a lab sikeli muke da shi, giram yake ba mu, to mola mas shi ne gadar da ke kai ki daga abin da sikeli ya faɗa zuwa ƙidaya. Dozin ɗin ƙwai da dozin ɗin kankana duk sha biyu ne amma nauyinsu ba ɗaya ba, haka mol ɗin ruwa 18 g ne, na gishirin miya 58.5 g, na sukarin shayi 342 g, amma adadin da ke cikin kowanne ɗaya ne. Mol ɗin ruwa 18 cm³ ne kawai tunda cm³ ɗaya na ruwa giram ɗaya ne, ya ɗara babban cokali kaɗan, kurɓa ɗaya. Ledar fiya watan nan tamu kusan mol 28 ce.

Sai 273. Sifilin selsiyas ba ƙarshen sanyi ba ne, wurin da ruwa ke daskarewa ne kawai aka zaɓa aka kira shi sifili, akwai sanyin da ya fi shi, firiza ma tana wuce shi. Ma'aunin kelbin kuwa yana farawa ne daga asalin ƙasa, −273.15 °C, inda babu sauran sanyi a ƙarƙashinsa. Dokar Charles cewa ta yi bolum ɗin gas yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da zafi, in zafi ya ninka shi ma ya ninka, to ninki ba ya yiwuwa sai an fara ƙirge daga asalin sifili. Gwada ki gani: gas 200 cm³ a 27 °C aka ɗumama shi zuwa 54 °C. Wanda bai juya ba zai ce 54 ninkin 27 ne ya rubuta 400 cm³. Amma a kelbin daga 300 ne zuwa 327, ƙarin kashi tara cikin ɗari kacal, amsar 218 cm³ ce. In kuma aka ba ki 0 °C kika sa shi a ƙasan fomula ba ki juya ba, kalkuleta ma ƙin aiki za ta yi. Ki kula kuma ba a sa ɗan zagayen digiri a kan K, 300 K ake rubutawa.

ɗalibar_SS3

Malam Allah ya saka da alheri, Allah ya ji ƙan iyaye. Wallahi maganar fiya watan nan ta buɗe min kai, ban taɓa sanin dm³ lita ce ba, shekara uku ina rubuta ta. To Malam me ya sa littattafanmu ba sa cewa lita kawai a huta? Kuma 22.4 dm³ ɗin nan na mol ɗin gas a s.t.p., wato daidaitaccen zafi da matsin iska, shi ma lita 22.4 ke nan?

nas_mai_dutin_dare

Ƙanwata bari in sa baki duk da ni ba malamar makaranta ba ce, aikin jinya nake. Ki riƙe abin da Malam ya faɗa miki da kyau don ba a WAEC zai ƙare ba, in dai fannin lafiya kike so to kullum da shi za ki kwana ki tashi. Mu a nan ml muke cewa wasu tsofaffin ma'aikata kuma har yanzu "sisi" suke cewa, cc, wato cm³ ɗin naku dai. Ruwan da ake ƙara wa mara lafiya, nomal salin, an rubuta 0.9% a jikinsa, ma'anarsa 9 g na gishiri a kowace lita, in kika raba 9 da 58.5 ɗin da Malam ya ba ki za ki samu 0.154 mol/dm³, je ki duba jikin ledar wataran za ki ga an rubuta 154 mmol/L, mmol kuwa ɗaya bisa dubun mol ne, lissafin ajinku ne sak.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne awon suga. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ɗanta ya sayo mata na'urar gwajin suga ta gida, ta gwada da safe kafin ta karya ta ga 108, ita kuma a asibiti ta saba jin ana ce mata 6 ko 7. Wallahi da kuka ta aiko a kira ni, ta ɗauka sugan ya haura ya ninka sau goma sha, har ta fara maganar ƙara ƙwayar magani da kanta, wanda shi ne abin da ya fi tsorata ni. Na karɓi na'urar na juya na nuna mata ɗan rubutun da ke gefen lambar, mg/dL, na asibitin kuma mmol/L ne. Raba 108 da 18, ya ba ka 6.0. Lafiyarta ƙalau, suga yana inda yake. Kuma 18 ɗin ba daga sama ta faɗo ba, mola mas ɗin gulukos 180 ne, mmol ɗaya a lita ya zama 180 mg a lita, desilita kuma ɗaya bisa goman lita ce, sai ya koma 18 mg a desilita. Haka mg da mcg, wato miligiram da maikrogiram, dubu ne tsakaninsu, harafi ɗaya ne ya bambanta su a takarda amma a maganin jariri wannan harafin rai ne. Shi ya sa ni in ɗalibar jinya ta kawo min lamba babu ma'auni a gefenta ba na ko karɓa, sai ta koma ta rubuto.

ɗan_Maraɗi

Salamu alaikum jama'a. Ni nan Nijar na yi lakwal, da Faransanci munka yi namu kemistiri, kuma mu lita da ml muke rubutawa, mol/L, dm³ sai a darasin lissafi muke gamuwa da shi. Don haka tambayar da ƙanwarmu ta yi tana da hujja, abu guda ne suna biyu. Abin da mushenmu ya koya muna tun firamare shi ne tebur na juya ma'auni, a ja layuka, m³ gida uku, dm³ gida uku, cm³ gida uku, sai ka zuba lambarka ka cike sauran da sifili. In kin rubuta 500 a gidajen cm³ sai ki ga gidan dm³ babu kome, ki sa 0 a nan, ya zama 0,500. Yana taimako ƙwarai ga mai saurin rikicewa.

Kun lura na rubuta 0,500 da waƙafi. Wannan ma wani tarko ne ga masu karatu tsakanin ƙasashen nan biyu. Mu waƙafi shi ne ɗigonku. In mun rubuta 1,260 muna nufin ɗaya da ɗan kai, ku kuma ku karanta dubu ɗaya da ɗari biyu da sittin. Kuma Anti mai jinya, mu nan awon suga a g/L an ka fi ba da shi, 1,26 g/L, wanda shi ne 126 mg/dL, shi ne kuma 7 mmol/L. Mutanenmu masu zuwa asibiti Katsina ko Kano da takardar gwaji ta nan ya kamata mai dubawa ya kalli ma'aunin kafin lambar.

ma'aikacin_lab

Malam ya gama da lissafi, ni bari in yi maganar hannu, don shekarata da yawa ina shirya wa yara kayan firaktikal kuma makin da ke zubewa a kan benci ya fi wanda ke zubewa a kalkuleta.

Biyuret, dogon bututun gilashin nan mai famfo da ake zubo asid da shi, daga sama take ƙirge, sifili yana sama 50 yana ƙasa, saɓanin silindar awo. Sai ka ga yarinya ruwa ya tsaya tsakanin 24 da 25, layi shida ƙasa da 24, maimakon 24.60 sai ta karanta daga ƙasa ta rubuta 25.40. Kowane ƙaramin layi 0.1 cm³ ne, kuma ana rubuta karatun da lamba biyu bayan ɗigo, 24.60 ko 24.65 in ya faɗa tsakanin layi biyu, har na farkon ma 0.00 za ki rubuta ba 0 kawai ba. Sifilin ƙarshen nan ba ado ba ne, yana faɗa wa mai dubawa iya inda kayan aikinki suka iya gani. Saman ruwan a cikin gilashi ba a miƙe yake ba, ya lotsa kamar ƙaramin kwano, ƙasan lotsawar ake karantawa, ki durƙusa ko ki miƙe har idonki ya yi daidai da shi, in kika leƙo daga sama ko daga ƙasa karatun zai goce. Ki riƙe farar takarda a bayan gilashin, za ki ga layin ya fito baƙi ƙarara.

Kafin ki fara: ki ɗauraye biyuret da ɗan asid ɗin da za ki zuba, fifet kuma, bututun ɗebo bes, da ɗan bes ɗin, amma kwalbar konikal da ake haɗa su a ciki da distil wata kawai, kar ki kuskura ki ɗauraye ta da bes don kin ƙara mol ɗin da ba ki auna ba. Ki buɗe famfon biyuret ruwa ya gudana ya kori iskar da ke maƙalewa a bakinta, in kumfar nan ta fita a tsakiyar aiki za ta ƙara miki karatu na banza. Ki cire mazurari bayan kin cika, yana ɗigo a hankali ba ki sani ba. Ɗigon ƙarshe da ke saura a bakin fifet kar ki hura shi, an yi lissafinsa tun a masana'anta, ki dai taɓa bakin a jikin kwalbar. Metil orenj, sinadarin da ke sauya launi ya nuna miki an kai, ɗigo biyu ko uku ya isa, a cikin bes rawaya ne, kina zuba asid kina juya kwalbar da hannu ɗaya, in kin kusa sai ki ga ja-ja yana bayyana inda ɗigon ya faɗa yana ɓacewa, to daga nan ɗigo ɗaya-ɗaya, da ya koma ruwan lemo ya tsaya ki rufe. In ya zama ja sosai kin wuce. Ɗigo ɗaya kusan 0.05 cm³ ne, kin ga huɗu kawai sun isa su raba karatunki biyu da 0.20, kuma ana so waɗanda za ki haɗa ki ɗauki matsakaicinsu kar tazararsu ta wuce haka.

Abu na ƙarshe, amsar kalkuleta. Da lambobinki, 0.10 × 25.0 × 2 a raba da 24.60, kalkuleta za ta zubo miki 0.203252032 da sauransu. Kar ki kwafe duka. Biyuret ɗinki ba ta ga wannan nisan ba, 0.203 mol/dm³ ya isa, lamba uku masu ma'ana, sannan ki rubuta ma'aunin a gefe. Kuma don Allah kar ki ja asid ko bes da baki in akwai robar ja a lab ɗinku.

ɗan_lesin

Malam na ji bayaninka kuma na ƙaru wallahi, ban musa ba. Amma fa a duba, yaro yana da tambayoyi hamsin na zaɓi ga lokaci ƙalilan, in ya tsaya rubuta g da mol a kowane layi yaushe zai gama? Ni shi ya sa nake ba su gajeriyar hanya.

malamin_kemistiri

Ɗan'uwa ban raina ƙoƙarinka ba, kuma gajeriyar hanya tana da ranarta. Ni abin da na gani shi ne yaron da ya yi wata biyu yana rubuta ma'auni a kowane layi, daga baya shi ne ya fi sauri, don ba ya tsayawa tunanin a raba ko kar a raba, ya riga ya ga lita a idonsa. Ka ba su n = CV/1000 ɗin amma ka gaya musu dubun nan na mene ne, minti biyar ne. Manya ma sun faɗa wannan ramin. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta tura duniyar Mars, Mars Climate Orbiter, saboda ɓangare ɗaya na masu aikin suna fitar da lambobin ƙarfin tunkuɗa a ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren kuma yana karanta su a matsayin niyuton. Kumbon ya yi ƙasa fiye da yadda aka tsara, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

'Yata, amsar tambayarki: eh, lita 22.4 ce. Mol ɗaya na gas a 273 K da matsin iska na 760 mmHg yana cin wurin da ya kusa cika jarkar nan ta lita 25 ta 'yan garuwa. Ki kwatanta da mol ɗin ruwa da muka ce kurɓa ɗaya ne, za ki ga irin tazarar da ke tsakanin molekul a cikin gas. In aka ba ki bolum ɗin gas a cm³ to ko dai ki mayar da shi dm³ ko ki yi amfani da 22400 cm³, dokar dai ɗaya ce, sama da ƙasa su zama jinsi ɗaya. A wasu littattafan waje za ki ga 22.7, kar ya ruɗa ki, su sun ɗauki matsin 100 kPa ne a madadin 101.3 kPa, wato 760 mmHg ɗin nan, ke ki yi aiki da wanda aka ba ki a takardar tambaya.

Dalilin da ya sa littattafanmu suka fi son dm³ kuwa shi ne tsarin ma'auni na SI da duniya ta amince da shi a 1960 yana da tushen ma'auni bakwai: mita, kilogiram, sakan, ampiya, kelbin, kandela, sai mol da aka ƙara a 1971. Lita ba ta cikinsu, bolum daga mita ake gina shi, shi ya sa m³ da dm³ da cm³. An yarda a yi amfani da lita tare da su, kuma tun 1964 aka tsayar cewa lita suna ne kawai na dm³. Shi kansa kilogiram daga 1889 wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne na filatinam da iridiyam da aka adana a kusa da birnin Paris, duk sikelin duniya da shi ake gwada gaskiyarsa, sai a watan Mayun 2019 aka sauya aka ɗora ma'anarsa a kan lambar Planck, wata tsayayyiyar lamba ta fiziks. A wannan watan ne kuma aka tsayar da mol a kan 6.02214076 × 10²³ daidai, don haka in littafinki tsohon bugu ne za ki ga yana fassara mol da 12 g na kabon-12, lissafinki ba zai canza ba.

Ga aikin gida, ki yi ki kawo nan da ma'auni a kowane layi: an narkar da 2.0 g na NaOH aka cike ya kai 250 cm³, mola mas 40 g/mol. Nemo mol/dm³, sannan ki faɗa min mol nawa ke cikin 25.0 cm³ da fifet zai ɗebo daga ciki.

ɗalibar_SS3

Malam ga shi. 2.0 g ÷ 40 g/mol = 0.050 mol. 250 cm³ rabin ledar fiya wata ne, kwatan lita, 0.250 dm³. 0.050 mol ÷ 0.250 dm³ = 0.20 mol/dm³. Na biyun kuma 25.0 cm³ = 0.0250 dm³, sai 0.20 mol/dm³ × 0.0250 dm³, dm³ ya kashe dm³, saura 0.0050 mol. Na kuma duba ta wata hanyar, 25 ɗaya bisa goman 250 ne, ɗaya bisa goman 0.050 kuma 0.0050, sun yi daidai. Anti nas da Baba na lab da yayanmu na Maraɗi duk na gode, Allah ya bar zumunci. Ranar Talata muke da firaktikal, zan tafi da farar takardata.